Ma'aikatan Lambu Marasa Albashi

A ranin da ya wuce mun ziyarci lambun zumuntar mata na wata ekklesiya a ƙauye, a gindin duwatsun Filato. Lambu ne mai kyau, an kewaye shi da darni, ga rijiya a tsakiya. Da kuɗin kabeji da tumatir na wannan lambu matan su ke taimakon gwauraye, da shi kuma su ke biya wa marayu biyu kuɗin makaranta. Muka iske wata mama a tsugune cikin fangalin wake, da gwangwani a hannu, tana tsince waɗansu baƙaƙen tsutsotsi daga bayan ganye tana jefawa cikin kananzir.

"Sannu da aiki, Mama. Me a ke tsincewa haka da sassafe?"

"Yauwa, sannu Malam. Mugayen nan ne suka hana wakena tashi. Dubi yadda ganye ya nannaɗe."

Ganye kam ya nannaɗe, ya yi danƙo. Amma da muka juya shi sai ga darɓa maƙil, watau ƙananan ƙwarin nan masu taushi da waɗansu ke kira ƙwarƙwatar ganye. Su ne ke tsotse ruwan waken. Muka ciro ɗaya daga cikin tsutsotsin da ba a riga an jefa a kananzir ba, muka ɗora ta a tsakiyar darɓar, muka ce Mama ta zuba ido. Ba a jima ba tsutsar ta cafke darɓa guda, ta tsotse ta, ta yar da fatar, ta nufi ta biyu.

Mama ta riƙe baki. Ta ce, "Wayyo ni! Ashe masu yi mini gadi na ke ta kashewa tun safe."

Ba mu yi mata dariya ba, gama laifin ba nata ba ne. Mu malaman gona mun daɗe muna koya wa jama'a sunayen ƙwarin da ke ɓarna, da sunan maganin kowanne, da yawan murfin da za a auna a famfon feshi. Ƙwarin da ke taimako kuwa ba mu cika yin zancensu ba. Mu da kanmu akwai shekarun da muka riƙa cewa a yi feshi kowane mako, ko an ga ƙwaro ko ba a gani ba. Wannan shawara ta cinye kuɗin mutane da yawa, mun kuwa yi da-na-sani.

Me ya sa darɓa ta kan dawo bayan feshi?

Kowane mai lambu ya san wannan. Ka fesa yau, gobe ganye tas. Bayan kwana goma darɓa ta dawo, har ta fi dā yawa. Sai mutum ya ce maganin jabu ne, ya koma kasuwa ya sayo wanda ya fi ƙarfi. Jabun magani kam akwai shi. Amma sau da yawa dalilin daban ne.

Darɓa a ƙasarmu mai zafi ba ta jiran namiji, ba ta kuma yin ƙwai. Haihuwa ta ke yi, 'yar da ta haifa kuwa cikin kamar mako guda ita ma ta fara haihuwa. In feshi ya kashe ɗari ya bar biyar da suka ɓuya cikin naɗin ganye, biyar ɗin nan sun isa su sake cika fangali. Masu cin darɓa fa? Su ba su da yawa tun farko, suna yawo a fili inda magani ke samunsu sosai, kuma daga ƙwai zuwa babba sai sun yi mako uku ko huɗu. Saboda haka bayan feshi ɓarawo ya kan riga mai gadi komowa, ya tarar da gida ba kowa.

Akwai kuma abu na biyu. Ƙwarin da suka tsira daga magani su ne masu ƙarfin jure shi, 'ya'yansu kuma su gāji wannan ƙarfi. Ƙaramar koriyar tsutsar nan da ke huda ganyen kabeji, wadda in ka taɓa ta sai ta zabura ta sauko a kan zare, tun a 1953 aka gane a tsibirin Java cewa maganin DDT ya daina kashe ta. Daga lokacin zuwa yau ta gagari magunguna iri iri. Masu noman tumatir ba za su manta da 2016 ba, shekarar da tsutsar da a ke kira sharon ta cinye gonaki a Kano da Kaduna da Katsina da Jigawa da nan Filato, har gwamnatin jihar Kaduna ta kafa dokar ta-ɓaci a kan tumatir. Ita tana shiga cikin naman ganye ta zauna, inda feshi ba ya samunta da kyau. Mutane suka yi ta fesawa, tsutsa tana ta ci.

A gonar kasuwa wannan hasarar kuɗi ce. A lambun gida kuwa abin ya fi haka nauyi, domin alayyafon da aka fesa da safe shi ne wata yarinya za ta tsinko da yamma a yi miya.

Mu san su tukuna

Ba za ka kiyaye abin da ba ka sani ba. Wahalar kuwa ita ce, yawancin ƙwarin nan ɗa ba ya kama da uwarsa ko kaɗan.

Mu fara da wadda Mama ta ke kashewa. Uwarta ƙaramar ƙwaro ce mai ƙoƙon baya, kamar an raba ƙwayar gujiya biyu an kife. Bayanta yana ƙyalli, ja ko rawaya da ɗigo-ɗigon baƙi, wata kuma baƙa ce da tabo-tabon rawaya da ja. Kowane gari da sunan da yara ke kiranta, amma a wannan takarda bari mu ce mata 'yar-ɗigo. Ta kan zuba ƙwai rawaya masu ɗan tsawo, a tsaitsaye, goma zuwa talatin wuri ɗaya, a bayan ganye kusa da darɓa. Abin da ke fitowa daga ƙwan baƙi ne mai ƙafa shida, da tabon ruwan goro ko fari, jikinsa da kaushi, kamar ɗan kada da bai kai tsawon farce ba. Wannan ɗan kada ya kan ci darɓa ɗaruruwa kafin ya manne a ganye ya rikiɗa. Babbar kuma ta kan iya cin kamar hamsin a yini.

Sai dai a lura, tana da 'yar'uwa marar kirki. Wadda za ka gani a ganyen kabewa da kankana da guna, mai ruwan goro da ba ya ƙyalli, kamar an barbaɗa mata ƙura, ita ganye ta ke kankarewa har ya zama kamar raga. Hanyar ganewa mai sauƙi ce: dubi abin da ta ke ci. In tana tsakiyar darɓa, taka ce. In tana zaune a kan ganyen da aka kankare, ba darɓa a kusa, tsince ta.

Na biyu wani ƙuda ne mai zane rawaya da baƙi, wanda mutane ke ɗauka ƙudan zuma ne su kai masa duka. Ba ya harbi. Za ka gane shi da yadda ya ke tsayawa cik a iska a bisa fure, sa'an nan ya yi wuf ya koma gefe ya sake tsayawa. Shi kansa ruwan fure ya ke sha. 'Ya'yansa ne mafarauta: 'yan tsutsotsi marasa ƙafa, kore-kore ko ruwan ƙasa, kansu da tsini, suna rarrafe cikin darɓa suna ɗaga ta sama suna tsotsewa. Waɗannan su aka fi kashewa bisa kuskure, gama kowa ya gan su ya ce tsutsa ce.

In ka taɓa ganin waɗansu ƙananan ƙwai, kowanne a kan bakin siririn zare kamar an kafa allurai a ganye, kada ka murje. Na wata koriyar ƙwaro ce mai fukafukai shara-shara, wadda ta kan zo wajen fitila da dare. 'Ya'yanta suna da baki kamar ƙaho biyu, suna cin darɓa da farin ƙuda da ƙwan malam-buɗe-littafi.

Yanzu ga waɗanda suka fi duka aiki, ga shi kuwa su ne ba a gani. Dangin zanzaro ne ƙanana ƙwarai, waɗansu ba su kai ƙwayar gero ba. Ba su harbin mutum. Uwar ta kan soka ƙwanta a cikin jikin darɓa ko tsutsa, ko a cikin ƙwan malam-buɗe-littafi, ɗanta ya ƙyanƙyashe a ciki ya cinye mai masaukinsa. Da wuya ka ga su kansu, amma aikinsu a fili ya ke. In ka ga darɓa ta kumbura, ta bushe, ta yi ruwan ƙasa kamar tsohuwar takarda, wata har da 'yar ƙofa zagayayya a bayanta, to, wannan aikinsu ne. In ka ga ɗan farin ƙunshi kamar ƙwayar shinkafa manne a ganyen kabeji kusa da mushen tsutsa, wannan ɗan zanzaro ne ke kwance a ciki. Ganyen da ke da irin waɗannan kada a tsinke shi a ƙone. A bar shi nan, rundunar gobe ce.

Rina da zanzaro manya kowa ya san su. Rina ta kan kama tsutsa ta tauna ta kai wa 'ya'yanta. Zanzaro kuwa iri iri ne. In ka fasa gidan laka na wanda ke gina 'yar tukunya a bango, za ka tarar ya cusa korayen tsutsotsi a ciki, wani irin kuma gizo-gizo ya ke tarawa. Ba mu ce a bar gidan rina a ƙofar ɗaki inda yara ke wasa ba. A cire wannan. Amma wanda ke can bayan rumbu ko a reshen itace a ƙarshen lambu, me ya tsare maka?

Ƙoƙi-ƙoƙi ya yi suna, amma a ganinmu an fi yabonsa fiye da aikinsa. Duk abin da ya gifta gabansa kamawa ya ke, da mugu da nagari, har ƙudan zuma. A bar shi dai. Gizo-gizo ya fi shi amfani, musamman ƙananan da ba su yin saƙa, masu gudu a ƙasa da masu tsalle a ganye. Da dare kuma akwai baƙaƙen ƙwari masu saurin gudu da ke kwana ƙarƙashin ciyawa da duwatsu, suna fitowa su ci tsutsar nan mai yanke dashe daga gindi. Ƙwaron nan mai almakashi a wutsiya da ke shiga cikin kunnen masara, shi ma ƙwan tsutsa da ƙananan tsutsotsi ya ke nema, har da na tsutsar masara da ta shigo mana daga nahiyar Amurka a 2016.

Tururuwa kuwa sai a yi mata hukunci bisa ga aikinta. Jajayen nan masu ɗinke ganyen mangwaro su yi gida suna da cizo, amma suna korar ƙudan da ke sa tsutsa cikin 'ya'yan mangwaro. Ƙananan da ka ke gani suna hawa da sauka a karan wake ko kuɓewa, su makiyayan darɓa ne. Suna shan zaƙin da ta ke fitarwa, suna kuma korar 'yar-ɗigo don kada ta taɓa musu garke.

Abin da ɗan ƙwaro ya yi wa rogo da gero

Wani zai ce, ina abin da ƙwaro kamar ƙwayar gero zai iya? Bari mu ba da labari biyu.

A farkon shekarun 1970 wata farar ƙwaro mai kama da auduga ta shigo Afirka daga Amurka ta Kudu, ta kama rogo. Kan rogon ya kan dunƙule, ganye ya zube, saiwa ta ƙi girma. Ta bazu ƙasa bayan ƙasa har ta iso Nijeriya. A can ƙasarta ta asali ba ta da wata ɓarna, domin akwai mai cinta, nan kuwa ta zo ita kaɗai. Masana suka bi sawunta har ƙasar Faraguwai, suka samo ɗan zanzaron da ke sa mata ƙwai. A 1981 cibiyar binciken aikin gona ta IITA da ke Ibadan ta fara sakinsa, daga baya har da jirgin sama aka yi ta watsa shi. Ya bazu ƙasashe fiye da ashirin, rogo ya farfaɗo, manomi bai biya ko kwabo ba. Hans Herren, mutumin Suwizalan da ya jagoranci aikin, ya sami babbar lambar yabo ta duniya a kan abinci a 1995.

Na biyu yana kusa da mu. A jihar Maraɗi da waɗansu sassan Nijar, da Burkina Faso da Mali, tun wajen 2006 a ke yaƙar tsutsar da ke cin zangarniyar gero da wani ɗan zanzaro, shi kuwa ɗan ƙasa ne, ba baƙo ba. A kan zuba gero da tsutsotsin kiwo da matan zanzaron cikin 'yan jakunkuna na algarara, a rataye a gonaki lokacin da gero ke fid da kai. 'Ya'yan su ƙyanƙyashe, su fita ta ramukan jakar, su bi tsutsa har cikin zangarniya.

Mu a lambun gida ba mu bukatar jirgin sama ko jaka. Ƙwarin suna nan kewaye da mu tun da Ubangiji ya yi su. Aikin da aka ba Adamu a gonar farko bai tsaya ga noma kaɗai ba, har da kulawa da ita, mu kuwa mun fi riƙe na farin. Abin da ya rage mana shi ne mu sa su so zama wurinmu.

Abinci, ruwa, da wurin kwana

Mai ɗaukar ɗan ƙodago ya san sai da tuwo. Ƙudan nan mai tsayawa a iska da ƙananan zanzaro, 'ya'yansu ne ke cin nama, iyayen kuwa ruwan fure da garin fure su ke bukata. Uwar da ba ta sami fure ba kwana kaɗan ta ke yi ta mutu, ƙwanta ma kaɗan ne. Da damina wannan ba damuwa ba ce, ko'ina fure ne. Lokacin yunwarsu shi ne daga Disamba zuwa Afrilu, sa'ad da daji ya bushe, aka kuma cinna masa wuta. Daidai lokacin ne lambun rani ya ke shi kaɗai kore a duk unguwar, duk mai cin ganye ya nufo shi.

Saboda haka abin da ya fi muhimmanci shi ne kada lambu ya rasa fure ko na mako ɗaya da rani. Ba sai an sayo irin waje ba. Ɗoɗɗoya ita ce ta farko a wurinmu. A dasa ta a kan kowane fangali inda ruwa ke taruwa, a tsinki rabi don miya, a bar rabi ta yi fure. In furen ya tsufa a yanke kan, za ta sake tohowa. Albasa kuma, a bar kawuna biyar ko goma su yi fure. Ka tsaya kusa da furen albasa da hantsi ka ga taron da ke kansa, ga shi kuma ka sami iri. Latas da ya yi tsawo ya yi ɗaci, maimakon a tuge duka a bar gindi biyu ko uku. Zogale a jikin darni yana fure kusan duk shekara in yana samun ruwa, shuwaka kuma da rani ta ke nata. Furannin nan masu ruwan ɗorawa da mata ke shukawa a gaban majami'a don ado, a ɗebi irinsu a kai lambu, amma a zaɓi masu buɗaɗɗen fure wanda a ke ganin tsakiyarsa. Ƙananan zanzaro bakinsu gajere ne. Fure ƙanana a buɗe su ke so, mai zurfi kamar na kabewa na ƙudan zuma ne.

Akwai wani abu da mutane da yawa ba su lura da shi ba. Waɗansu tsire-tsire suna fid da ruwan zaƙi ba a fure ba. Juya ganyen rama ko yakuwa ko auduga, ka dubi babbar jijiyar tsakiya kusa da gindi, za ka ga ɗan tabo, sau da yawa da kiyashi a kai. Wake yana da irinsa a sandar fure, tafasa da rai-ɗore kuma a sandar ganye. Wannan ruwa yana ciyar da ƙananan zanzaro tun kafin fure ya buɗe. Don haka layi ɗaya na wake ko yakuwa a gefen kabeji ba ɓarnar wuri ba ne. Tsofaffinmu da su ke cakuɗa kuɓewa da yakuwa da riɗi da barkono da masara a bayan gida, muna ce musu ba su iya tsari ba, ashe sun fi mu gaskiya. Bununin masara ma abinci ne ga 'yar-ɗigo in darɓa ta yi ƙaranci.

Ruwa abu ne mai sauƙi. A sami fasasshen kasko, a cika shi da tsakuwa, a zuba ruwa yadda kan tsakuwar zai fito, don ƙwari su sauka su sha ba su nutse ba. A ajiye a inuwa. Amma lalle a zubar a sake kowane kwana biyu ko uku, in ba haka ba ka buɗe wa sauro gidan haihuwa.

Wurin kwana shi ne inda mu kan yi gardama da mata, domin mace mai tsabta ba ta son ganin ciyawa a lambunta. Ba cewa muka yi a bar lambu ya zama kurmi ba. A rufe ƙasar fangali da busasshiyar ciyawa ko ɓawon gyaɗa, wannan yana riƙe laima, yana kuma ba gizo-gizo da ƙwarin dare mafaka. A gefe ɗaya na darni, nesa da ƙofar gida, a bar siririn layi na gamba ko wata ciyawa mai tushe, faɗinsa kamar ƙafa biyu, kada a nome shi, kada a ƙone. Mun san abin da za ku ce: maciji. Gaskiya ne, shi ya sa muka ce siriri, a riƙa rage masa tsawo, a kuma share hanya a gabansa yadda za a ga ƙasa. Kwaɗo da ƙadangare da hawainiya da za su zo nan, su ma ma'aikata ne, a hana yara jifansu.

Duk wannan kuwa in darni bai yi ƙarfi ba, akuya ce za ta gode maka.

Kafin a ɗauki famfo

Ga al'adar da mu ke so kowane mai lambu ya koya. Sau biyu a mako, da safe kafin rana ta yi zafi, ka zaga ka zaɓi tsiro goma daga wurare dabam dabam. Ka juya ganye, ka duba toho. Kada ka tsaya ga tambayar ko akwai darɓa. Ka tambayi kanka, su wa ke tare da ita? In ka ga ƙwai rawaya, ko ɗan kada, ko darɓar da ta kumbura ta bushe, ka ba su kwana uku ko huɗu ka sake dubawa. Sau da yawa za ka tarar sun gama aikin. Darɓa kaɗan a lambu ma tana da amfaninta, gama in babu ita sam, masu cinta za su tashi su bar ka.

In kuwa ka ga tana ƙaruwa, ba mai taɓa ta, fara da hannu. Murje ta da yatsa, ko ka tsinke tohon da ya fi lalacewa, ko ka watsa mata ruwa da ƙarfi. Manyan tsutsotsi a tsince a ba kaji. Barbaɗa toka a gindin tsiro ta kan rage zirga-zirgar kiyashin da ke kiwon darɓa. A kuma rage hannu wajen zuba yuriya, domin ganyen da ya sha taki ya yi laushi ya yi ruwa shi darɓa ta fi so.

In hannu ya kāsa, sai ruwan sabulu: cokali biyu ko uku na kankararren sabulun sanda a lita 4 na ruwa. Kada a sa garin sabulun wanki, yana ƙona ganye. A gwada a tsiro ɗaya tukuna a ga yadda zai kwana. Ko kuwa 'ya'yan dogonyaro: a daka rabin kilo na busassu, a jiƙa a lita 10, su kwana, a tace da ƙyalle, a fesa a ranar. Dogonyaro ba ya kashewa nan take, hana tsutsa ci da girma ya ke yi, sai a yi haƙuri da shi. Shi da sabulu duka biyu suna iya taɓa 'ya'yan ƙwarin kirki in sun same su, don haka a fesa da yamma bayan ƙudan zuma sun koma, a kan tsiron da ke da ciwo kaɗai, ban da fure. Ruwan taba kuwa ba mu ba da shawararsa ko kaɗan. Ko da ya ke daga gona ya fito, dafi ne ga ƙwaro nagari da mugu da mutum.

Kada mu ruɗe ku. Wannan hanya ba za ta ba ku kabeji marar huda ko ɗaya ba. In fara ta sauko, ko sharon ta zo da ƙarfi irin na 2016, 'yar-ɗigo ba za ta tare ta ba. Tumatirin da ganyensa ya murɗe ya ƙanƙance saboda cutar da farin ƙuda ke kawowa ba shi da magani, sai a tuge a binne. Akwai ranar da mai lambu zai bukaci maganin kanti. In ranar ta zo, a kira malamin gona ya ga ƙwaron da idonsa, a sayi maganin da ya dace da shi a kwalbarsa ta asali mai takarda, a rufe hanci da jiki, a kuma kiyaye kwanakin da aka rubuta a jira kafin a ci.

Lambun zumuntar matan nan, ba su daina feshi ɗungum ba. Amma a sauran ranin sau ɗaya suka sayi magani, don kabeji, a maimakon kowane mako. Waken ya farfaɗo da kansa. Kabejin ya yi 'yan huda a ganyen waje, mai saye a kasuwa ya rage musu kaɗan, kuɗin maganin da ba su kashe ba kuwa ya rufe wannan har da saura.

Aikin ƙungiya

Ƙwaro bai san iyakar lambu ba. In kai ka bar feshi, maƙwabcinka na fangali na gaba yana yi kowace Asabar, iska za ta kawo maka rabonka. Nan ne amfanin ƙungiyar gama kai ya ke. Inda 'yan ƙungiya ke da lambuna a jere a fadama ɗaya ko bayan majami'a, a zauna a yi shawara: ba mai fesa maganin kanti sai mutum biyu da aka zaɓa sun duba, ba kuma mai cinna wa ciyawar bakin rafi wuta. A sa yaran makarantar Lahadi cikin aikin dubawa, idonsu ya fi namu kaifi, suna kuma jin daɗinsa. Wanda ke da waya mai ɗaukar hoto ya ɗauki ƙwaron da ba a gane ba, ya nuna mana in mun zo.

A taron ƙungiya na wata mai zuwa muna roƙon kowane iyali ya zo da abu biyu: irin ɗoɗɗoya ko na wani fure da ke gidansa a ƙulle a takarda, don a rarraba, da ganye ɗaya mai ƙwari a cikin kwalba mai huda a murfi. Za mu kawo madubin ƙara girma guda biyu. Waɗanda za su yi lambun rani su yafa ɗoɗɗoyarsu mako uku ko huɗu kafin dashen kabeji da tumatir, domin ta riga su yin fure.